Tofin Kawu

Ina kan zem, wato babur ɗin haya, a unguwar Houéyiho aka kira ni aka ce Kawu ya rasu. Na ce wa mai babur ɗin ya juya zuwa Zongo. Hayaƙin titi yana shiga mini hanci, irin wanda ya cinye huhun Kawu a shekarun da ya yi a tashar mota.

Ni nake raka shi asibiti, don ba ya jin Faransanci. Ma'aikaciyar jinya ta ce ciwon ba ya warkewa, amma ana zama da shi. Ta nuna masa ya ja iska ta hanci, ya tsuke baki, ya sake ta a hankali.

Kawu ya ce mini, "Fito za ta sa ni da furfurata? Gaya mata ko ina yaro ban yi ba."

Ya ƙi, har zuwa masallacin unguwa ya gagare shi. Wata rana na tarar yana yi wa jikarsa tofi a ka, iskar tana fita siririya, doguwa. Na ce, "Kawu, ai abin da ta ce ke nan."

Ya dube ni. "To me ya hana ta ce tofi?"

Daga nan ya koma sallar jam'i. In numfashi ya sarƙe a hanya, sai ya dafa bango ya yi tofinsa, masu wucewa suna cewa amin.

Allah ya yalwata masa makwanci. Mun shirya wata Juma'a zai gwada zuwa babban masallaci da ƙafa. Ba mu je ba.