Ladan Mai Cocila da Ɓarawon Masara

Kowane namiji yana da abin da yake yi wa hidima fiye da matarsa. Wani keke ne, wani rediyo, wani tantabaru. Ladan na Ƙofa, nasa cocila ce.

Ba irin 'yar ƙaramar nan mai batir biyu da ake zagayawa bayan gida da ita ba. Tasa kanta ya kai faɗin faifai, tana da mariƙi kamar na buta, waya ta fito daga gindinta ta shiga wata jakar fata da yake ratayawa a kafaɗa, a cikin jakar kuma batirin babur ne. A hannun wani direban kamfanin titi ya same ta, lokacin da suke kwashe kayansu. Akuyar matarsa Turai ce ta tafi a cinikin. Turai ta ce ta ji ana sayar da akuya a yi suna, ta ji ana sayarwa a yi magani, amma ba ta taɓa jin an rabu da mai ba da nono an kawo abin da sai an kai shi Bebeji ya ci abinci ba. Gaskiyarta. Duk kwana uku sai Ladan ya ɗaure batirin a bayan keke ya kai shi caji.

Gajeren mutum ne, manomi, da damina gero da dawa, da rani lambu a bakin ruwan Bagauda. Sunan Ladan na kakansa ne, shi bai taɓa kiran salla ba, kuma da ya gwada da jama'a sun makara. Tsofaffi sun ce yana ɗan shekara bakwai maciji ya sari mahaifiyarsa a gindin rumbu bayan magariba, ana ta laluben ashana har ta cika. Ko wannan ne ya sa masa ƙin duhu, Allah masani. Maza dai ba sa buƙatar dalili kafin su haukace a kan ƙarfe.

Ba shi kaɗai ba ne. Akwai Ubale mai faci da tasa doguwa mai cin batir shida, akwai wasu biyu masu neman suna. Bayan isha'i sai su hau tudun bakin ruwa, magidanta da gemunsu, su yi ta auna wata kuka da ke tsallake. Hasken wasu ya mutu a tsakiyar ruwa, na Ubale ya kai ga ciyawar gaɓa da ƙyar, na Ladan kuwa ya hau kukar har ka ƙirga 'ya'yanta. Nan sai ya yi gyaran murya ya kashe, wai kada batir ya sha wahala.

Na biyar ɗinsu Ɗanasabe ne mai hoto, baƙo daga Tudun Wada, wanda ya kama ɗan shago a kasuwar Ƙofa. Shi ba shi da cocila, ciwonsa daban: so yake ya ɗauki hoton hasken kansa, yadda yake miƙewa a kan ruwa. Yakan kafa kyamararsa a kan ƙafafunta uku, ya buɗe idonta, ya ƙirga zuwa ashirin ba wanda ya isa ya yi tari. A kai fim Kano a wanko, hoto ya dawo baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, da wani ɗan ɗigo fari a tsakiya. Shekara biyu suna wannan. Ladan ya riga ya buga ƙusa a zaurensa inda zai rataye hoton.

To, fitila tana da ladabinta, kowa ya sani. In ka haɗu da mutum da dare, ƙasa kake sunkuyar da ita ka yi sallama; ba a haska fuskar babba. Ladan ya san wannan sarai, sai dai hannunsa yakan riga hankalinsa. Har surukinsa Malam Shitu, mahaifin Turai, ya taɓa aiko masa da saƙo ta bakinta, cewa dare ma sutura ce Allah ya yi wa bayinsa, a riƙa sassautawa. Ladan ya ce ya ji ya gode. Ai dole ya ce haka. Malam Shitu mutum ne da in Ladan ya hango shi tun daga nesa yake tuɓe takalmi ya tsugunna, bai taɓa cin ko goro a gabansa ba, bai taɓa kama sunansa ba. Dattijo ne mai rumbu uku, wanda in an yi girbi maƙwabta sukan san ya fitar da zakka saboda yawan masu fita daga gidansa da dami.

Sai ga farin nan na tamanin da huɗu. Ruwa ya ɗauke gero bai fitar da kai ba, dawa ta tsaya iya gwiwa. Samari suka watse ci-rani, har da 'ya'yan Malam Shitu maza biyu, waɗanda suka yi kudu ba ko wasiƙa. Masu lambu a bakin ruwa su ne suka ɗan tsira. Ladan ya zuba masara, ta kuwa yi goyo gwanin sha'awa.

Nan aka fara yi masa ɗauki-ɗai-ɗai. Duk kwana biyu sai ya tarar an karye goyo biyar ko shida. Ɓarawon nan mai tsabtar aiki ne: ba ya taka kunya, ba ya karya kara, in ya fita ta kafar shingen gabas har ƙaya yake mayarwa ya toshe. Da Ladan ya yi shiru da magana ta mutu. Amma ya kai ta teburin mai shayi, Ubale kuwa abin nema ya samu. Ya ce ga mutum yana ƙirga 'ya'yan kuka a tsallaken ruwa, ana aske masa gemu a gida. Aka yi dariya. Ladan ya miƙe ya rantse a gaban jama'a cewa sai ya kama ɓarawon nan da haske, Ɗanasabe ya ɗauke shi hoto, a manna a ƙofar kasuwa kowa ya gani.

Daren da zai fita, Turai ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da jakar batirin, ba ta miƙa masa ba.

"Malam, goyo nawa ne duka? Wanda ya ɗebi biyar ya bar ɗari ba ɓarawo ba ne, mai jin yunwa ne. Ka bar wa Allah."

Ya ce mata ba masara ce ta dame shi ba, raini ne, kuma mace ba za ta gane ba. Ta sakar masa jakar.

Suka fara biyawa ta tudu, don Ɗanasabe ya sa sabon fim mai kala. Ranar masunta suna bandar kifi, hayaƙi ya kwanta a kan ruwa. Da Ladan ya kunna, sai hasken ya tsaya a cikin hayaƙin kamar an gitta azara daga hannunsa zuwa kuka. Ɗanasabe ya ƙirga ashirin ɗinsa, ya rufe, ya ce wannan karon ta kamu, ko a gaban alƙali zai faɗa. Ladan ya ji kamar an yi masa albishir da ɗa namiji.

Daga nan suka gangara lambu suka laɓe a bayan mangwaro. Sauro ya ci rabonsa. Can dare ya raba, sai suka ji an janye ƙaya, sannan ƙas, ƙas, ana karya goyo. Ladan ya bari sai da aka karya na huɗu, ya ɗaga cocila daidai tsayin fuskar mutum, ya danna.

Malam Shitu ne. Ya tattare gaban rigarsa ya zuba masarar a ciki. Bai gudu ba. Hannu ɗaya ya ɗaga ya kare idonsa, rigar ta saki, masarar ta zube a ƙafafunsa. A daidai nan filashar kyamarar Ɗanasabe ta walƙa.

Ladan ya kashe. Duhun da ya dawo ya fi na ɗazu. Ɗanasabe, wanda hasken ya kashe wa ido, kuma ko da ya gani bai san dattawan garin ba, ya zungure shi yana raɗa masa ya kunna su bi sawu. Abin da ya zo bakin Ladan shi ne, "Batir ya mutu." Suna tsaye suka ji takun tsohon a hankali, suka ji ya tsaya a kafar shinge, ya jawo ƙayar ya toshe kamar kullum.

Ladan bai runtsa ba. Abin da ya yi ta juyawa a ransa shi ne, gidansa da gidan tsohon nan ba su fi tafiyar shan ruwa ba. Da ya aiko ko da yaro ne, da buhu zai kai masa a ka. Amma ina dattijo zai buɗe baki ya roƙi mijin 'yarsa abinci? Shi kuma da yake hango kuka a tsallake, wata uku bai lura hayaƙi ya daina tashi a gidan surukinsa ba.

Kafin hantsi Ɗanasabe ya gama shelanta wa teburin mai shayi cewa ɓarawo yana cikin kyamara, ranar Alhamis fim zai tafi Kano. Ladan ya same shi a shago, ya tambaye shi ko za a iya yanke na ƙarshen a wanke sauran. Ɗanasabe ya ce ba a yanka abin da ba a gani ba. Inji ne yake wankewa gaba ɗaya, yaran shagon su buga duka, shi ma kuma ai sai ya duba. Ya tambayi Ladan ko wani nasa ne. Ladan ya ce a'a, so yake dai ya ɗan riƙe kyamarar. Shekara biyu yana kallon yadda ake buɗe ta. Ya fita da ita tsakiyar rana, ya ɓalle bayanta, ya zaro fim ɗin kamar hanjin kaza, ya ɗaga shi sama.

Ɗanasabe bai yi ihu ba. Ya dube shi ya ce, "Har da hasken, Ladan. Shekara biyu." Ya karɓi kyamararsa, bai ƙara hawa tudun nan ba, ba a jima ba kuma ya koma Tudun Wada.

Amma kafin ya tafi ya ba da labari, gari kuwa ya samu abin taunawa a shekarar da ba tuwo. Wasu suka ce Ladan ƙaninsa ya gani, wasu suka ce wata bazawara ce, wasu aljani. Ubale ya ce shi a ganinsa Ladan ne yake satar masarar kansa don a san yana da fitila. Baturiya mai ƙosai, wadda bakinta ya fi manta zafi, ita ta raɗa masa suna: duk sanda ya gitta sai ta ce, "Sannu da zuwa, Batir-ya-mutu." Sunan ya bi shi har furfura. Kalma ɗaya za ta wanke shi, ya haɗiye ta.

Ladan ya cika kwando da masara ya ba Turai ta kai gidan mahaifinta, ya ce ta ce ɗanɗanon sabon amfani ne. Da yamma ta dawo da shi yadda ta tafi da shi, ta ajiye a zaure. Matar da in ya dawo daga kasuwa sai ta ji da wa da wa ya gaisa, ba ta taɓa tambayarsa wa ya gani a lambu ba. Shi ma bai tambaye ta me ya sa ba ta tambaya ba.

Malam Shitu ya daina zuwa masallacin unguwa, aka ce ƙafa ce. Da damina ta kusa sai aka ji zai koma wajen ɗan'uwansa a Doguwa, wai can ƙasa ta fi riƙe ruwa. Ladan ya je sallama. Ya tuɓe takalmi ya tsugunna a ƙofar ɗaki, tsohon yana ciki, asabari a sake tsakaninsu. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, aka tambayi iyali da zafi da aikin lambu. Sai tsohon ya ce:

"Hoton fa?"

"Ya ƙone, Baba. Ba wanda ya gani."

"Allah ya yi maka albarka." Tsohon ya numfasa. "Idonka fa?"

Ladan ya yi ta kallon ƙasa. Aka ɗaga asabarin kaɗan, hannu ya fito ya ajiye masa goro ɗaya, aka saki.

Shekara uku Malam Shitu ya yi a Doguwa, bai ƙara taka Ƙofa ba. Duk sanda Ladan ya shirya zuwa gaisuwa, sai saƙo ya zo cewa hanya ba kyau, a bari sai an kwana biyu. Labarin rasuwarsa sai bayan an binne shi ya iso.

Ladan bai yar da cocilarsa ba. In mota ta faɗi a titin Kano shi ake tasowa, in saniyar Fulani ta faɗa rami shi ake nema, yana zuwa kuma hasken yana bin ƙasa kamar mai neman allura. Ubale ya yi ta yi masa tayin su koma tudu, ya ce gwiwa ta hana. Wajen casa'in da uku ƙwan cocilar ya ƙone, aka ce ana samun irinsa a Kano, ya ce a bari tukuna. A ƙusar nan ta zaure da ya buga don hoto, can ya rataye ta.

Duk rani kuma in ya yi shinge, sai ya bar kafar gabas a buɗe, ya bar kunya biyu ta masara a wajen ba ya karya ko goyo ɗaya. Ba mai shiga sai awaki. Turai ta ce a ƙyale su, ko ba komai suna rama wa 'yar'uwarsu da aka sayar.