Ɗan Kunnen Inna da Wayoyin Yaya Tanimu

Yaya Tanimu bai taɓa wuce guntun waya a ƙasa ba. Ku da kuka san shi ku ƙaryata ni in ƙarya nake. Ko a hanyar jana'iza ne sai ya duƙa ya tsinta, ya hure ƙura, ya jefa a aljihu. Aljihunsa kuwa kullum a cike yake dam, in ka wanke masa riga sai wayoyi sun tsattsage maka hannu. Kuma ba ya zama. A tsaye yake cin tuwo, a tsaye yake gyara, ƙafa ɗaya kan kututture, yana karkaɗa gwiwa kamar mai jiran motar Kaduna.

Ni ce ƙanwarsa Asabe. Da mijina ya rasu na dawo gidanmu na gado a nan Birnin Gwari, muka zauna tare, ni a ɗakin ciki, shi da tarkacensa a rumfar da ke jikin zaure. Da gyaran rediyo ya fara. Da 'yan haƙar zinare suka cika daji da injunan nan nasu masu faifai a ƙasa, waɗanda ake kaɗawa a kan turɓaya su yi kuka in sun ji ƙarfe, sai sana'a ta juya. Wayar da ke tashi daga faifan zuwa kan injin ita ce ke yawan katsewa, da ta cajin batir. Sabuwa sai Kaduna, hanyar kuwa kun san halin da aka shiga da 'yan bindiga, wani lokacin ba mai bin ta. To sai a zo wurin Yaya. Ya fere, ya gasa ƙarfensa a gawayi, ya liƙe da dalma, sannan ya naɗe wurin da jar robar tayar keke. Jar kawai. Ko baƙar roba ta cika gari ba ya taɓa ta.

Maganarsa ɗaya ce, har yaran unguwa sun haddace: "Waya ba igiyar akuya ba ce!"

Wanda ya fi shan ta shi ne Ɗanjuma, wani ƙaton mutumin Kutemeshi da ke finciko injinsa ta waya in zai ɗauka. An gyara masa, ya katsa. An sake, ya sake katsawa. Da ya dawo kuma, Yaya ya leƙo ciki ya ce, "Asabe, ara mini zani da majanyi."

"Na me?"

"Haihuwa aka yi a zaure."

Ya gyara wayar tsaf, sannan ya ce wa Ɗanjuma, "Juya bayanka."

"Haba Baba, da gemuna?"

"Da gemunka ka katsa ta. Ko ka goya shi har tasha, ko ka bar mini shi nan ya huta da zalunci."

Wallahi goyawa ya yi. Faifai na leƙe ta saman kansa, mata na yi masa barka a hanya, wata har tana tambaya yaushe suna. Amma daga ranar wayar Ɗanjuma ba ta ƙara katsewa ba.

Ni ma ban tsira ba. Lokacin ina zuwa makarantar manya, na fara iya haɗa baƙi, shi ya sa yake tsokanata da Malama. Wata rana na dawo da littafina a hannu, zafi kamar a tanda, na tarar da fankata a tsaye ba wutsiya. An yanke wayar tun daga gindi!

Na fito kamar kububuwa. "Yaya! Ina wayar fankata?"

Ko ɗagowa bai yi ba. "Ta tafi dajin Tabanni wurin 'yan haƙa, neman arziki."

"Kai dai ba ka da tsoron Allah!"

"Malama, ke da kika yi karatu ki gaya mini. Wutar da ba a kawowa, me fanka za ta yi da waya? Can tana ciyar da mutum da iyalinsa, nan ƙura take sha."

Ranar na yi masa tas, har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Na ƙare da rantsuwa: wallahi tallahi in na sake sa tsintsiya a rumfarsa. Kuma na cika. Ina share gidan nan kaf, in na iso bakin rumfar sai in ja layi in juya. Shekaru ana haka, tarkace ya taru har kaji sun fara ƙwai a ciki.

Amma babban rikicinmu ɗan kunne ne. Innarmu ta bar mini 'yan kunnenta na zinare, ƙanana, irin na da. Duk duniya ba ni da abin da ya taɓa jikinta sai su. Shi kuwa Yaya ba ya miƙa injin da ya gyara sai ya gwada shi, kuma ba ya yarda da ƙusa ko marfin kwalba, wai zinare kukansa daban. Sai in ji, "Malama, ara mini kunnen hagu." In yi masifa, in yi masifa, in cire in ba shi. Ya binne a tsakar gida, ya sa mai injin ya rufe ido, sannan a nemo. In inji ya yi kuka sai ya tono, ya goge a rigarsa ya ce, "Inna ta gaishe ki."

Ranar ƙarshe ma haka ya karɓa da hantsi, na tafi kasuwa. Kafin in dawo an kwashe shi zuwa asibiti, ƙirji ya riƙe. Ina zaune gefensa, hannuna sai komawa yake kan kunnen da ba komai. Da ya ɗan farfaɗo na kasa haƙuri.

"Yaya, ina ka binne shi?"

Ya buɗe ido ɗaya. "Inda ba kya sharewa."

"Ni? Ni Asabe akwai inda ba na sharewa?"

Dariya ce ta so kama shi, tari ya hana. Bai ƙara wata doguwar magana ba har Allah ya karɓi abinsa.

Bayan an watse daga zaman makoki na kasa zama, kamar ya bar mini cutarsa. Na tone gindin randa, na tone bayan murhu, na tone ƙarƙashin turmi. Ga damina ta matso, ruwa in ya sauka a gidanmu kwashe turɓaya yake ya fita da ita ta magudana. Ina kallon hadari ina zagin mamaci a zuci, ina istigfari.

Ɗanjuma ya zo ta'aziyya a makare, ya ga kunnena ɗaya fayau, ya tambaya. Washegari da safe sai ga sallama. Maza cike da ƙofar gida, kowa da injinsa a kafaɗa, kowace waya da jar roba. Wasu daga daji suka taso. Matan dangi da suka rage a gidan suka shige ɗaka, ni na ce ba inda za ni.

Tsakar gida ta rikice da kuka kamar ana yanka 'yan tsaki. An tono ƙusoshi, cokula, tsohon kwado, har da haƙorin Makka da ba mu san na waye ba. Ɗan kunne shiru. Ɗanjuma ya share gumi ya nuna rumfa.

"Gwaggo, nan kaɗai ya rage. Amma inji ba zai ji komai ba cikin wannan tarin waya, sai an share."

Sai a lokacin maganar Yaya ta faɗo mini. Ɗan banza! A kan gadon mutuwa ma sai da ya ja ni faɗa.

Wani ya miƙa hannu zai ɗauki tsintsiya, na ce ya ajiye mini abata. Na tsallake layina, na share rumfar nan tun daga lungu, ina sharewa ina hawaye ina mita. Da ƙasa ta fito, Ɗanjuma ya ɗora faifai, a hankali kamar mai kwantar da jariri. Daidai gindin kututturen nan injin ya yi wani siririn kuka. Ashe da gaske daban yake.

Zurfin ramin ko ɗan yatsa bai kai ba. Mutumin da ke zagaye gida yana neman wurin ɓoyo mai wuya, ranar a gefen ƙafarsa ya binne. Nan na gane a zaune ya yi aikin, ciwon ya riga ya kama shi, bai gaya mini ba.

Ɗanjuma ya goge ɗan kunnen a rigarsa ya miƙo mini. Saura kawai ya ce "Inna ta gaishe ki," irin na Yaya.

Kaffarar rantsuwa kuwa sai da na yi. Ya mutu ma bai bar ni na huta ba.

Allah, ga bawanka Tanimu nan, bai taɓa zama ba a duniya. Ka ba shi wurin zama mai sanyi, ka haskaka kabarinsa, ka yafe masa fankata don ni na yafe. In ya sadu da Inna, Allah ka sa ya gaya mata sun koma biyu a kunnena. Amin.