Bangon Gabas na Tsohon Gidan Jarida

Shekarun baya, lokacin ina ji da kaina a aikin fenti, wata Hajiya ta ɗauke ni gyaran wani tsohon gini a Kankiya. A nan marigayi mahaifinta ya taɓa buga wata 'yar jarida ta manoma, tun ba a haife ni ba.

Ginin ya ɗaure mini kai. Ƙofa faɗin shigar mota, tagogi can kusa da rufi, ga manyan ƙusoshi kafe a simintin tsakar ɗaki. Maigadi ya ce ta ƙofar aka shigo da injin buga jaridar, ƙusoshin ne suke riƙe shi, tagogin kuma don haske ya sauko wa masu jera haruffa. Na gyaɗa kai kamar na gane.

Hajiya ta ce, "Malam, ko'ina ka shafe, ban da bangon gabas."

Na duba bangon, sai shatin tafin hannu baƙi ƙirin, birjik. Na ce a raina ɓarnar yara ce, Hajiya nauyina take ji kada aiki ya yi mini yawa. Ban tambaya ba, don a lokacin tambaya raini nake ganinta. Na yi masa shafi biyu, fari tas, na zauna jiran yabo.

Ran Juma'a ta zo da baffanta daga Kusada, tsoho da sanda. Ya tsaya yana waige-waige.

"Ɗiyata, kin ɓatar da mu. Ba nan ba ne."

"Nan ne, Baffa."

"To ina hannuwan?"

Ashe duk wanda ya gama koyon aiki a gidan, sai ya tsoma hannu a tawada ya dafa bangon. Na farko na mahaifinta ne, mai yatsu huɗu, inji ya cinye ɗaya. Ko hotonsa ba ta da shi.

Nan take na ɗauko wuƙar kankare fenti. Inda na kankare, tawadar ta biyo fentin ta zube ƙasa.

Tsohon ya riƙe mini hannu. "Bari, yaro. Ka binne su, kada kuma ka tone."

Hajiya ba ta yi faɗa ba. Ta ce ta yafe, har ta sa aka kawo mini fura. Da zagina ta yi, da na san inda zan ajiye abin.

Har yau na kasa raba alherin da na nufa da girman kan da ya tura ni. Allah ya yafe mini. Idan na bi ta wurin nakan leƙa ta ƙofar. Ayyukana da yawa sun ɓare, amma wannan bangon ko tsagewa bai yi ba.