Yadda Na Zama Burtu a Tamanhint

Abubuwa da yawa sun same ni a Libiya, wasu na yafe, wasu ma na neme su a raina na rasa. Amma safiyar da aka kashe bareyin nan bakwai a bayan wata gona ta Tamanhint, ba zan manta da ita ba har ƙasa ta rufe mini ido. Shekaru sun ja, furfura ta fara leƙo mini a gemu, amma har yau in na tuna sai na ji abinci ya fita a raina.

Ni ɗan maharbi ne, daga wani ƙauye a ƙasar Bauchi. Na tashi na tarar da mahaifina da bindigar toka da warki, gidanmu kuma ba ya rabo da ƙahon gwanki ko fatar mazo a rataye. Talauci ne ya jefo ni Sabha, amma son farauta bai tsaya a kan iyaka ba, tare muka hau mota. A gonar da nake aiki a Tamanhint, kusa da Sabha, daga an tashi sai in kishingiɗa in buɗe waya ina kallon masu harbin ɓauna da giwa a ƙasashen kudu, ina yi musu gyara kamar suna jina. Wannan bai duba iska ba, wancan ya yi gaggawar harbi, wannan kuwa da babana ne da ya mare shi. Ra'ayina a kan farauta ɗaya ne, kuma har gobe ban sauya ba: maharbi da ƙafa yake tafiya, ya karanta sawu, ya zaɓi dabba ɗaya, ya yi harbi ɗaya. Wanda ya bi dabba da mota har numfashinta ya ƙare, mahauci ne, kuma ko mahautan sun fi shi mutunci.

Abokin ɗakina wani dattijo ne mutumin Tawa ta Nijar, shi ke kula da injin ban ruwa. Ya gaji da surutuna har ya sa mini suna Maharbin Waya. In na fara labarin ɓauna sai ya ja bargo ya ce in ta mutu in tashe shi a raba nama.

Wata safiya na je gyaran wani bututu da ke yoyo a can ƙarshen gonar, inda ciyawar dabbobi ta ƙare rairayi ya fara. A jiƙaƙƙiyar ƙasar wurin na ga sawu. Na durƙusa na daɗe ina dubawa, don na san wannan ba sawun akuya ba ne. Bareyi ne, kuma da na bi a hankali na ƙirga bakwai. A wannan ƙasa da kowa ke cewa an gama da namun daji tuntuni, sai ga su a bayan gonarmu suna satar ruwa.

Ba zan yi ƙarya ba, tunanina na farko tarko ne. Don haka na yi abin da na ga ana yi a gida: na sayo kanwa a kasuwar Sabha, na farfasa, na zuba a gindin wata ƙaya kusa da bututun. Dabba in ta ɗanɗana kanwa, ta kama hanya ke nan. Suka kuwa kama. Kullum rana na ɓullowa sai su zo, ni kuma in laɓe nesa ina kallo. Ina ta ɗaga ranar tarkon, yau gobe, har na wayi gari na ga ba na son ranar ta zo. Na bar bututun da yoyonsa da gangan. Na riƙa zuwa da tsohuwar rigar sanyi guda ɗaya, don su san kamanni da warina. Cikin shekara ɗaya da rabi tazarar da ke tsakaninmu ta dawo taku talatin. Akwai tsohon kishimi, wato namijinsu, mai karyayyen ƙaho. Akwai wata mace mai shegen tsoro, ita ce ta ƙarshe da ta yarda ta ci kanwa ina tsaye. Ban da dattijon nan, ba wanda ya san da su.

Sai ƙanin mudir, wato mai gonar, ya fara zuwa duk Alhamis. Mutum ne mai hali, kuma mayen farauta. Ya je ƙasashen kudu ya biya an kai shi ya harbi ɓauna, hotunan suna cike da wayarsa. Wata rana ya gan ni ina kallon farauta a waya, ya leƙa, ya tambaye ni ko na san abin da nake kallo. Da guntun Larabcina na gaya masa inda maharbin ya yi kuskure. Ya dube ni da kyau, ya ce in biyo shi rumfa.

Ku da ba ku yi zaman ƙasar mutane ba, ba lalle ku gane abin da ya kama ni ba. Shekara uku ina gonar nan ba wanda ya taɓa tambayar sunan garinmu. Sai ga ni a kan darduma, ana miƙo mini shayi a ƙaramin kofi, ana jiran ra'ayina. Muka yi ta musu mako bayan mako. Shi ya ce zaki ya fi komai hatsari, ni na ce bai gamu da ɓauna mai rauni a cikin ciyawa ba. Shi ya ce bindiga ce farauta, ni na ce ƙafa da hanci ne. Na ba shi labarin burtu, yadda maharbanmu ke sassaƙa kan tsuntsun su ɗaura a goshi, su yi rarrafe suna kwaikwayon kiwonsa har su shiga tsakiyar namun daji, don dabba ba ta gudun abin da ta saba gani. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya sa na maimaita masa sau biyu.

Ranar da bakina ya yanka ni, cewa ya yi duk wannan tatsuniya ce. Ya ce ku mutanen kudu akwai daɗin baki, amma da za a ajiye ka a saharar nan shekara goma ba za ka gano ko sawun ɓera ba, balle barewa, wadda sai an yi tafiyar yini guda a mota kafin a ga ɗaya. Abokansa biyu da ke wurin suka bushe da dariya. Kaina ya yi zafi. Na ce masa in na ga dama gobe in nuna masa bakwai, da ƙafa, kafin shayinsa ya huce. Ina rufe baki na san na yi ɓarna, don dariyar ta tsaya cak.

Da na gaya wa dattijon, ajiye kwanon da ke hannunsa ya yi. Ya ce, "Kai yaro, abin da ka ɓoye shekara da rabi shi ka saida da kofin shayi? Koma ka ce mishi wasa kakai. Su yi ma dariya, dariya ba ta kashe kowa."

Da na ji maganarsa da ban zauna rubuta wannan ba. Amma girman kai ya hana ni zama maƙaryaci a idon mutumin da ya zaunar da ni a darduma. Sai na yi wa kaina dabara, na koma da sharaɗi. Na ce shi kaɗai zai zo, da ƙafa, harbi ɗaya, kuma tsohon kishimin nan kawai, wanda dama kwanansa ya kusa. Ya dafa ƙirji ya rantse da Allah. Sannan ya yi murmushi ya ce tunda sun saba da ni, in fita yadda na saba da rigata da kanwata, shi zai rarrafo a bayana. Ya ce, "Kai ne burtuna." Ni shashasha har daɗi na ji, wai ya riƙe darasina.

Ya iso bayan sallar asuba da mota ɗaya, shi kaɗai, na ce lalle mutumin nan ɗan halak ne. Ban san akwai wasu motoci biyu da suka zagayo ta bayan ɗakin injin suka laɓe ba. Na yi gaba, rana tana fitowa, iska tana busowa daga wajen bareyin zuwa gare mu yadda ake so. Suna nan su bakwai a bakin bututun. Suka ɗaga kai suka gan ni, suka kaɗa 'yan wutsiyoyinsu, suka mayar da kai ƙasa. Na zuba kanwar na ja da baya, suka matso. Har mai tsoron nan ta zo.

Ina jiran ƙarar harbi ɗaya. Abin da na ji kamar ƙanƙara ce ke zuba a kan kwanon rufi. Bindigogin yaƙi ne, daga gefe biyu, harsashi yana wucewa ta saman kaina. Na zube a ƙasa na cusa fuska a rairayi. Ko a lokacin, cikin tsoron mutuwa, na lura ba wanda ya damu da cewa akwai mutum a tsakiya. Da ƙarar ta lafa na ɗaga kai, biyar suna ƙasa. Biyu sun samu sun zura da gudu, sai ga motocin nan sun fito sun rufa musu baya. Ba a fi minti goma ba aka dawo da su a bayan mota.

Su shida ne, suna ta ihu suna tafa hannu, kowa ya zaro waya. Suka fara jan dabbobin suna jerawa don hoto, alhali wasu suna shure-shure, jini yana fita ta hanci. Ba wanda ya nemi wuƙa. Wannan shi ya fi ƙona mini rai, har yau. Mutum ya kira kansa maharbi, dabba tana fama da rai a gaban takalminsa, shi kuwa yana gyara hula. Na daka musu tsawa na ce su yanka su. Ƙanin mudir ya ciro wuƙa daga mota ya jefo mini a ƙasa, ya ce wannan ai aikina ne.

Na ɗauka, don in ban yi ba haka za su bar su. Huɗu na samu da sauran rai, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina bisimilla. Ta ƙarshe ita ce mai tsoron nan, harsashi ya karya mata baya. Duk wanda ya matso cikinsu sai ta yi ta fizge-fizge tana neman tashi. Da na durƙusa a kanta ta shaƙi rigata, sai ta yi lamo. Haka na yanka ta, ba ta ko motsa ba.

Na miƙe da wuƙar a hannu na nufi mutumin. Na ce masa, "Ka rantse da Allah." Ko kunya bai ji ba. Ya ce in bai kashe su ba wani zai kashe su gobe, kuma Allah don a ci ya halicce su. Sannan ya dubi fuskata ya ce wa abokansa su zo su ga maharbi yana hawaye. Ban san abin da zan aikata ba a wannan minti, kuma ba na son in sani. Sai na ji an damƙe mini wuyan hannu. Dattijon ne, ƙarar harbi ta fito da shi daga ɗakin injin. Ya ce a hankali, "Aje wuƙag ga. Ba ka da ko papiye guda na iznin zama garin ga, kuma kana da ɗiya gida." Na sake ta ta faɗi.

Suka loda shida suka tafi, suka bar mana ɗaya wai rabon ma'aikata. Dattijon ya feɗe ya raba wa leburori, don bai ga amfanin a bar nama ya lalace ba, kuma gaskiyarsa ne. Ni ban ci ba. Da yamma na je na ɗaure bututun nan da na bari yana yoyo, na kwashe sauran kanwar na binne. Wata na ƙarewa na tattara kayana na koma unguwar Jadid a cikin Sabha ina tsayuwar neman aikin yini, daga baya na samu gurbi a wani shagon walda a unguwar Mahdiya. Na sha wuya kafin in daidaita, amma ban taɓa da-na-sanin barin gonar ba.

Na daɗe ina tsine wa mutumin nan, kuma har yanzu ban yafe masa ba, ban ma yi niyya ba. Sai dai duk zagin da na yi masa, rabi a kaina yake sauka. Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Shi baƙo ne a wurin bareyin nan, da shi kaɗai ya je da tun daga nesa sun tsere, don tsoro ne kaɗai makaminsu a wannan sahara. Ni na zauna shekara da rabi ina kwance musu shi a hankali, sannan na kai su ga masu bindiga don a ce na iya.

Har yau ina son farauta, ina kallonta a waya, ina musu a kanta da duk wanda ya tanka. Amma na koyi abu ɗaya da tsada. Duk abin da ka sa ya saki jiki da kai, mutum ne ko dabba, ya zama amana a wuyanka, kuma sirrinsa ba naka ba ne balle ka saye wurin zama da shi. In aka ce maka maƙaryaci saboda ka rufe shi, ka haɗiye ka yi shiru. Da na yarda an yi mini dariyar yini ɗaya, da bareyin nan sun ga wata safiyar.