Yadda zuciyata ta tsayar da guduna a Yamai

Salama alekum 'yan uwa. Na daɗe ban ce komai ba a shafin nan. Waɗanda suka saba ganin taswirar gudun da nake sakawa kowace safiya, ga dalilin shirun.

Ni ɗan Damagaram ne, aiki ya kawo ni Yamai. Matata Hadiza da yara suna gida, ni kaɗai nake cikin ɗakin haya a Talladjé. Gudu ya zame mini abokin zama. Bayan sallar asuba in ɗaura agogon da ke bin sawuna, in kama gudoro, wato titin kwalta, in dawo ya zana mini hanyar da na bi da yadda zuciyata ta buga.

Agogon ya fara nuna bugun ya yi yawa, ko ina zaune. Na ce ya lalace ne.

Sai rama. A nan kuka yi ta yaba mini, wai na zama saurayi. Ni kuma hannuna na rawa in na riƙe kofin shayi, ga zufa ko a ƙarƙashin fanka.

Wata safiya ina cikin gudu ƙirjina ya riƙa fizga, idona ya yi duhu. Na zauna bakin hanya. Na buɗe waya, na rasa wanda zan kira a duk garin nan. Taksi na tsayar, na kai kaina gidan likita.

An auna tansiyo, wato hawan jini, an manna mini wayoyi a ƙirji, an ɗebi jini. Dokta ta ga agogon, ta ce in nuna mata abin da ya ajiye. Ta duba ta ce, "Malam, wannan ya daɗe yana faɗa maka." Ta ce wata halitta ce a wuyana, tiroyid, take aiki fiye da kima, ita ta rikita zuciyar. Za a kwantar da ni.

Infirmiye, ma'aikacin jinya, ya ce, "Ina mai jinyarka?"

Na ce babu.

Hadiza na da tsohon ciki, hanya ta yi mata nisa. Tana kuka a waya, ni ina ce mata da sauƙi. Da kaina nake lallaɓawa farmasi da ordonans, takardar magani, a hannu. Analiz, wato gwaje-gwajen jini, da magani suka cinye albashi, na sai da babur ɗina. Na ji tsoron in mutu a rasa wanda zai ce ya san ni. Ina kwance da ƙarin ruwa, agogon ya girgiza, wai na daɗe ban motsa ba. Na cire shi na tura ƙarƙashin matashi.

A gadon da ke kusa da ni akwai wani dattijo daga Tondibia, matarsa ke jinyarsa. Ta lura ba mai zuwa wurina. Ta ajiye mini kwanon dambu, ta ce da 'yar Hausarta, "Ɗana, ci. Magani ba ya so ciki babu komai."

Na ce, "Fofo, Inna." Wato na gode. Ita ce kusan duk Zabarmancin da na iya. Kullum sai ta raba abincinsu da ni har aka sallame ni.

Na sha magani wata da watanni. Dokta ta yarda in fara tafiya, daga baya gudu kaɗan. Jiya na zagaya unguwa, zuciyata ta buga lafiya. Alhamdu lillahi. Na gode wa dokta da ma'aikatanta, da Hadiza da ta haihu ba na nan.

In agogonku ya nace da lamba ɗaya, kada ku ce ya lalace, ku je a auna ku. Rama ba dalili ba abin murna ba ce. In za ku fita gudu, ku sanar da wani. In kun je dubiya, ku leƙa gadon da ba kowa a gefensa.

Da na koma kontrol a sake duba ni, na tambayi dattijon. Infirmiye ya ce ya rasu, matarsa ta koma gida. Ban taɓa tambayar sunanta ba, Inna kawai nake ce mata. Don Allah ku sa su a addu'a.