Shirun Baba a Riyad

Jiya aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya, gida ya yi tsit. Sai na tuna da tsohon Baturen da na yi wa direba a Riyad, zamanin da kuɗin mai ya sa ko'ina ƙurar siminti kake shaƙa.

Ɗan wata ɗariƙar Kirista ne da ake kira Kweka. Ba su da limami, ba sa waƙa. Ran Juma'a shi da abokansa sukan zauna a falo, hannu bisa gwiwa, su yi shiru suna sauraron Ubangiji. Shirun nan tsoro yake ba ni, har bugun zuciyata nake ji.

A ƙasar an hana taron ibadar da ba ta Musulunci ba. Rannan wani ya kai ƙara, ɗan sanda ya zo, ni ne tafinta. Ya ce in tambayi tsohon ko ibada suke yi.

Na ce, "Baba, don Allah ka ce hutawa kuke. Kai ne kafilina, da sunanka nake zaune a ƙasar nan, in aka kore ka na shiga uku."

Ya ce, "Kakanninmu a kurkuku suka ƙare don sun ƙi ko rantsuwa, balle ƙarya. Ce masa e. Ka kuma gaya masa kai ba ka ciki."

Na faɗa wa ɗan sandan yadda ya ce.

A makon aka kore shi daga ƙasar, na kai shi filin jirgi. Ni aka ƙyale ni. Daga baya na ji ya rasu.

Addininmu ba ɗaya ba ne. Amma ya Allah, ranar da tsoro zai ce in yi ƙarya, ka ara mini harshen tsohon nan.