Gangaren Ɗakin Baba Mai Tayil

Baba Mai Tayil ya yi shekara talatin da takwas a durƙushe. Da kwaɓa wa magina siminti ya fara, ya koma yin daɓe, da aka fara yayin tayil ya koma shimfiɗa shi. Gwiwoyinsa sun yi kanta har ba ya jin tsakuwa idan ya ɗora su a kai. Ba ya ciniki mai tsawo, ba ya yabon aikinsa. Idan mai gini ya tambaye shi ko abin zai yi kyau, sai ya ce, "Ka dawo jibi ka taka."

Gangare ne sirrin aikinsa. Duk ɗakin da ya shimfiɗa sai ya karkatar da shi zuwa ƙofa, kaurin yatsa ɗaya a kowane taku biyu. Ido ba ya gani, amma in aka zuba ruwan wanke ɗaki, da kansa yake neman hanya ya fita. Haka ya yi wa falon gidansa, da farin tayil mai sheƙi da ya rage a wani babban aiki. A bakin ƙofar kuma ya fitar da matakala guda zuwa tsakar gida, bakinta a miƙe, da kaifi kamar an yanka da reza. Baƙi kan tsaya su duba fuskarsu a ƙasan nan kafin su zauna.

'Ya ɗaya Allah ya ba su shi da matarsa. Ta auri direban babbar mota, ta haifi mace, suka riƙa kiran jaririyar Dunƙule saboda yadda take damƙe hannu. Dunƙule na da wata goma zazzaɓi ya kwantar da uwarta. Kwana tara ta yi a asibiti ta rasu. Direban ba ya yin mako guda cikakke a gida, don haka aka bar yarinyar wajen kakanninta.

Kwana huɗu da rasuwar 'yarsa, Baba Mai Tayil ya ɗauki jakarsa ya koma aiki. Wasu suka ce zuciyarsa ma siminti ce. Bai ji haushi ba, don ba ya jin komai a lokacin. Yakan ci abinci bai san ko da gishiri ba. Yakan ɗago kai ya ga ya gama rabin ɗaki, bai tuna lokacin da ya yi ba, kuma layin a miƙe yake.

Dunƙule ta fara tatata tana da wata goma sha uku. Taku uku, huɗu, sai tim. Kakarta ta shimfiɗa tabarma, tabarmar ta riƙa zamewa da yarinyar gaba ɗaya. Ta sa mata safa saboda sanyin tayil, abin ya ƙara lalacewa. Ta jera kwalaye, Dunƙule ta yage su ta cusa a baki. Ran wata Litinin da hantsi, tsohuwar ta juya ta sauke tukunya, sai ta ji ƙara. Yarinyar ta faɗi a dokin ƙofa, goshinta ya sami bakin matakalar. Ɗinki biyu aka yi mata.

Da yamma goggonta ta zo, yayar direban, malamar makaranta ce. Ta ɗaga bandejin ta duba, ta mayar, sannan ta zauna a bakin kujera da jakarta a cinya.

"Inna, karo na nawa ke nan?"

"Yaro ai sai da faɗuwa, Malama. Uwarta ma haka ta yi."

"Uwarta tana da ɗinki a goshi?"



"Baba, ba raini ba ne," in ji Malama. "Ƙarfinku ba kamar da ba. Yarinyar nan kuwa ta zama inji, sai mai gudu. Na yi magana da ubanta. Ran Asabar zan dawo. In na tarar da ko ƙwarzane ne sabo a jikinta, zan tafi da ita."

"Ni na raini uwarta a ɗakin nan," in ji tsohuwar. Ta juya ga mijinta. "Tsoho, ka ce wani abu mana. Ka zauna kamar buhun siminti."

"Allah ya kai mu Asabar," in ji shi.

Washegari bai fita ba. Ya zauna a ƙasa ya jingina da bango, ya miƙe ƙafafu yana kallon jikarsa tun safe. Matarsa ta wuce shi sau uku da tsintsiya.

"In aikin gadi ka koma, a faɗa min in daina dafa maka na leburori."

Ya ga wani abu ne, yana so ya sake gani. Idan Dunƙule ta taso daga ƙofa zuwa cikin ɗaki, a hankali take tafiya, tana nishi, in ta gaji ta zauna daɓas a kan ɗuwawu ta yi dariya. Idan kuwa ta nufi ƙofa, taku na uku sai ƙafafun su fara sauri, kai ya riga su gaba, hannuwa a sama. Sau biyu yana tare ta da tafin hannu a wuri ɗaya, layi na biyu kafin dokin ƙofa. Ya ɗauki ƙwallon robarta ya ajiye a tsakiyar falon, bai tura ba. Ƙwallon ta ɗan yi jim, ta fara mirginawa, ta ƙara sauri, ta faɗa tsakar gida.

"Ni ne," ya ce.

"Kai ne me?"

"Ni nake kayar da ita. Ki kwashe kayan ɗakin nan. Ku koma gidan maƙwabciyarmu matar tela kwana uku."

Ya tsara abin a kansa kamar kowane aiki. Laraba fasawa, Alhamis kwashewa da zuba sabon daɓe, Juma'a ya sha iska, Asabar Malama ta zo ta taka. Matarsa ta ce ya kira Malama a waya ya gaya mata. Ya ce me zai gaya mata, ai za ta gani.

Ran Laraba ya ɗora guduma a kan farin tayil ɗin. Ya yi tsammanin hannunsa zai yi nauyi, bai yi ba. Tayil da aka ɗora da gaskiya ba ya tashi salin alin, sai dai ya tarwatse, kowane ɓallin kamar fasasshiyar kwalba. Kafin la'asar yatsunsa uku sun tsage. Ya ɗaure da tsumma ya ci gaba.

Ran Alhamis da azahar yana cikin loda ɓaraguzai a baro, matarsa ta kawo masa ruwa, Dunƙule a goye. Yarinyar ta gan shi ta fara zillo, tsohuwar ta sauke ta a tsakar gida don ta gyara zani. A daidai lokacin Malama ta yi sallama. An tashe su da wuri a makaranta, ta biyo da sabon bandeji.

Abin da ta tarar ke nan: ƙura ta cika gida, ƙofar falo a ɓalle an jingine ta, tsinin tayil ko'ina, Dunƙule kuma ba takalmi, ta durƙusa tana miƙa hannu ga wani ɓalli mai sheƙi. Malama ta sure ta kafin ta taɓa.

"Baba, mene ne wannan?"

"Gyara nake."

"Gyara. Da yarinya a tsaye cikin wuƙaƙe."

"Yanzun nan na sauke ta, Malama, wallahi yanzun nan," in ji tsohuwar. "A maƙwabta muke kwana. Tsoho, gaya mata dalili."

Ya buɗe baki. Bayanin yana nan, yatsa ɗaya a taku biyu, da ruwa, da ƙwallo, amma ya ga tsawonsa, ya ga fuskar Malama, sai ya ji ba shi da ƙarfin ɗauko shi. Ya ce, "Ɗakin ne ba daidai ba."

"Na ga alama," in ji Malama. "Inna, haɗo min kayanta."

Tsohuwar ta yi kuka, ta haɗa kayan tana kuka, ta raka su har bakin titi. Da ta dawo ta tarar ya kwaɓa siminti. Ta tsaya a kansa.

"Wa kake yi wa?"

"Na riga na kwaɓa. In na bari zai daskare."

Ya zuba daɓen ya daidaita shi da ƙarfen awo, ya duba ta tsawo, ya duba ta faɗi, har ɗigon ruwan da ke cikin ƙarfen ya tsaya cak a tsakiya ta kowane ɓangare. Tunda ya fara sana'a bai taɓa yin ɗaki a kwance haka ba. Bai mayar da tayil ba. Da daɓen ya bushe ya shimfiɗa siririn soso, ya rufe da ledar ɗaki mai kaushi, ya manne gefunan da gam don kada ƙaramin yatsa ya sami wurin shiga. Bakin matakalar kuma ya fasa shi ya sake zubawa, ya bi shi da guntun bututu har ya zama kamar bayan cokali.

Asabar ta zo ta wuce, ba wanda ya yi sallama. Ran Lahadi matarsa ta goge ɗakin, ruwa ya kwanta a tsakiya ya ƙi tafiya, sai da ta bi shi da tsumma.

"Ga ɗaki lafiyayye," ta ce. "Sai ka tashi ka yi ta tatata a ciki."

Ya koma aiki. Kwana goma bayan nan, da ya tashi daga wani gini da ke kusa da unguwar su Malama, ya bi ta gidan. Gidan haya ne, ciki da falo, tayil ɗin kuma aikin wani ne mai gaggawa. Malama ta yi masa sannu da zuwa tana kauce wa idonsa. Dunƙule ta fito daga bayan kujera, an cire ɗinkin, amma ga sabon kumburi a haɓarta.

"Teburin nan ne," in ji Malama da sauri. "Ina wanka, minti biyu kawai."

Ya ajiye jakarsa, ya durƙusa, ya fara zagaya falon da rarrafe, kansa daidai tsayin yarinyar, yana shafa duk abin da ya ci karo da shi. Kusurwar teburi. Tayil biyu da bakinsu ya ɗara na kusa da su. Dokin ƙofar kicin. Malama na tsaye da kofin ruwa a hannu, ta rasa inda za ta ajiye.

"Mai gidan ba zai yarda a fasa ba, Baba."

"Ba fasawa zan yi ba."

Washegari ya dawo da dutsen guga, da gam, da tsohon tubun mota da ya yanka siri-siri. Ya cire teburin ya kai shi bayan ƙofa. Ya jiƙa dutsen ya fara cin bakin tayil ɗin a hankali, yana shafawa da yatsa, yana ƙarawa. Dunƙule ta zo ta kama rigarsa ta baya ta tsaya, duk inda ya matsa ta matsa.

Malama ta zauna a hannun kujera tana kallonsu.

"Inna ta gaya min zancen gangaren a waya. Me ya hana ka faɗa min ran nan?"

"Da kin zo Asabar da kin gani."

"Ubanta ya ce ta zauna nan. Akwai gidan raino kusa da makarantarmu."

"Na ji."

Ta murza zoben hannunta. Dutsen na ta ƙara a kan tayil.

"Ran Juma'a in na tashi zan kawo ta," ta ce. "Ta kwana biyu, in zo in ɗauka ran Lahadi. Kowane mako, in Inna za ta iya."

"Za ta iya."

Ya goge farin garin da ya taru da gefen hannu, ya shafa wurin sau biyu. Sannan ya nemi a ƙaro masa ruwa a kofin, ya ja jakarsa zuwa ƙofar banɗaki a kan gwiwoyi, a hankali, don mai riƙe da rigarsa ta iya biyo shi.